Shekarar da Na Sa Aka Yanke Burugun Kwatar Mata

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ga abin tun kafin in faɗe shi. Ni ban shiga aji ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a karanta mini in ji da kunnena, kada wani ya gyara mini magana don ta yi daɗi. Wannan babin naku ne, ku 'ya'yan ɗana na fari. Ba zan ambaci sunansa ba, kun san ba a yi, zan riƙa cewa ubanku. Na ji abin da ake faɗa muku a gidajen biki da na suna: wai kakarku ce ta kashe wa ubanku sana'a, ta raba ku da ruwa, shi ya sa kuka tashi a Kontagora, jikokin masunta amma ko kududdufi kuka gani sai kun kewaye. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin ne ba a faɗa muku, domin masu faɗar ba su tsaya inda na tsaya ba.

An kai ni aure Tungar Bado, a bakin tafkin Kainji, ta can bayan Auna. Gari ne da in ka shiga hayaƙin banda ne zai fara yi maka maraba, ya kama maka zane, ya bi ka har masallaci. Kwata biyu muke da ita. Akwai ta maza, inda ake ɗaure jirage ana sauke kifi ana hayaniya. Akwai kuma Kwatar Mata, wani lungu da ruwa ya shiga tsakanin duwatsu biyu, inda muke wanki da wanka da wanke kifi. Burugu ya cika lungun, sai 'yar hanya da ruwa ya bari a tsakiya. Burugu ciyawar ruwa ce, tana tasowa tare da ruwan in ya cika, karanta da zaƙi kamar takanɗa, yara ma suna tsotsa. Saboda ita ne ayu take zuwa.

Ba ku taɓa ganin ayu ba, to ku saurara. Dabbar ruwa ce, girmanta ya kai saniya, launinta na toka, ba ta da ƙafa sai hannaye biyu gajeru da wutsiya mai faɗi kamar faifai. Da hanci take numfashi irin namu, dole ta ɗago sama ta shaƙa ta koma. Nononta yana wajen hammata, tana rungume ɗanta ta shayar da shi. Ba ta cizo, ba ta faɗa, ba ta gudu da sauri. Uwar mijina, Iya Gambo, ita ta fara nuna mini ita, in dai za a kira wannan nunawa, domin tsunkulina ta yi ta ce in sunkuyar da kai. A wajenta na ji labarin: wai amarya ce Bafulatana tana wanka, surukinta ya ɓullo ba sallama, kunya ta sa ta rufe jikinta da faifai ta faɗa ruwa, ba ta ƙara fitowa ba. Malamai sun ce tatsuniya ce, ni ma ban ce ba tatsuniya ba ce. Amma a kanta muka gina ladabinmu. 'Yar Fillo muke kiranta. Ba a yankan burugun Kwatar Mata, ko da awakinka za su mutu da yunwa. Namiji in zai wuce ta bakin lungun a jirgi, sai ya ɗaga filafili daga ruwa, ya yi gyaran murya, ya kau da fuska, ko akwai mata ko babu. Mu kuma in ta ɗago ba ma nuna ta da yatsa, ba ma zuba mata ido. Sai dai ka ci gaba da cuɗa wankinka, ka ce, kamar da wata kake, sannu da hutawa 'Yar Fillo.

Ban san yadda zan sa ku ji safiyar wurin nan ba. Rana ta ɗan ɗago, ruwa shiru, mata a jere kan dutse kowace da goyonta, ana zagin mazaje a hankali ana dariya. Sai ka ji fuuu daga cikin ciyawa, kamar tsohuwa ta sauke kaya. Sai ka ga burugu yana nutsewa ɗaya bayan ɗaya, ana jan sa ta ƙasa, ka ji tauna ƙuras ƙuras. Wata rana su biyu, wata rana da yawa. Talatu, maƙwabciyata Bakambara, wadda Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba har ta tsufa, takan ce 'Yar Fillo ta fi mu wayo, ta bar wa maza duniyarsu ta huta. A kan dutsen nan na wanke ubanku yana jariri, ayu tana numfashi kusa da ƙafata har ina jin ɗumin. Na yi shekaru ina zama da su, amma a wancan lokacin in ka ce in faɗi yadda idonta yake, ban sani ba. Ban taɓa dubawa ba.

Kakanku ya rasu, Allah ya jiƙansa. Iya Gambo ta riga shi. Kifi ya yi ta raguwa, domin an kawo taru mai ƙananan ido da yake kwashe har 'ya'yan da ba su san ruwa ba. Ubanku ya auri uwarku Rabi, aka haife ku ku uku na farko, kuma na sha ganinsa ya dawo da rana tsaka da abin da bai isa miya ba. Yakan zauna a gindin bango yana gyaran tarun da ba abin da ya same shi, don kada ya shiga ɗaki ya haɗa ido da matarsa. Wannan ma ku sani, domin ba rashin hankali ne ya kai shi ga abin da ya yi ba.

Ana cikin haka ne wani mai masauki daga tsallaken ruwa ya zo. Yana da baƙi masu zuwa hutu daga Abuja da Legas, har da Turawa jifa-jifa, suna so a zaga da su cikin jirgi. Ya ji labarin akwai wurin da ayu take zama ba ta gudun mutane. Ya ce zai ba da inji a ɗaura wa jirgi, a riƙa kai baƙin su gani, a raba abin da aka samu. Ubanku ya fi kowa iya tuƙi a tungar, shi aka zaɓa. Ya zo ya durƙusa a bakin murhun banda ina juya tarwaɗa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar.

"Iya, ba kamawa za a yi ba. Ba mai taɓa ta. Kallo ne kawai."

Na ce, "In uwarka tana wanka aka tara mata maza, shi ma kallo ne kawai?"

Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su faɗi. Amma bai tashi ba. Ya ce in ya ƙi, wani zai karɓa, kuma Sarkin Ruwa ya riga ya yarda, dattawa sun yarda. Na ce to me ya kawo shi wurina, tunda an gama? Ya ce albarka yake nema. Na ce Allah ya tsare shi daga ruwa. Iyakar abin da na iya ba shi ke nan, shi ma ya gane.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya kawo alheri da farko. Baƙi suka riƙa zuwa cikin riguna masu kumburi ja da rawaya, suna ihu in jirgi ya karkata. Mata suka samu kasuwa. Uwarku ta kafa kasko a kwatar maza tana soya kifi da masa, kafin azahar ta sayar. Talatu ta koyi cewa a zo a saya da Turanci, muka yi ta yi mata dariya. Ɗakinmu ya samu kwano a maimakon ciyawa. Ke Hadiza, takalminki na farko na makaranta daga nan ya fito, har kika kwana da shi a ƙafa. Ubanku ya riƙa shigowa gida da sallama mai ƙarfi. Ni ma na ci tuwon, ban ce ban ci ba.

Amma ni ban bar dutsena ba. Sauran mata suka koma wanka bayan gari saboda idon maza, ni na ci gaba da kai wankina Kwatar Mata, ina gani. A shekarar wata ayu ta haihu a lungun. Da farko jirgi ɗaya ne, ubanku yana kashe inji tun daga nesa ya shiga da filafili. Sai wasu samari suka ga ana samu, su ma suka nemo inji. Jirage suka yi yawa, kowa yana so baƙinsa su riga gani. Aka daina kashe inji. Wa zai yi gyaran murya a cikin wannan ƙara? Suka gane cewa dole ayu ta ɗago ta yi numfashi, sai su kewaye wurin su jira, kowa ya miƙa wayarsa. In ta daɗe a ƙasa sai a riƙa bugun gefen jirgi da sanda don ta firgita ta fito. Ana jefa mata burodi da biskit, abin da ba ta ci, ya ruɓe a cikin ciyawa. Mai ya shimfiɗu a kan ruwa yana ƙyalli, wankina ya riƙa warin fetur. Manyan ayun suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, sai mai jegon ta rage, domin ɗanta bai yi ƙwarin da zai bi ta cikin babban ruwa ba. Numfashinta ya sauya. Da fuuu ne mai tsawo, ya koma fit, ta nutse. Ta daina cin ciyawa da safe. Sau da yawa jirgi yakan shiga tsakaninta da ɗan, ka ga ɗan yana ta juyi shi kaɗai, baƙi suna tafi suna cewa wasa yake musu. Ba mugaye ba ne baƙin nan. Na ga wata ta ɗora hannu a ƙirji tana hawaye don daɗin ganinsu. Ba wanda ya gaya mata me ake yi kafin ta gani.

Sai hotunan suka yi yawo a waya, suka kai inda ba a aike su ba. Wasu mutane biyu suka sauka a tungar, ba masunta ba, ba 'yan kallo ba. Suna tambayar zurfin lungun da lokacin da jirage suke tashi. Masu neman man ayu ne, wanda ake sayar wa mata a kwalba da tsada. Na ga kan mashi a cikin buhun ɗayansu. Na gaya wa Sarkin Ruwa, ya ce zai duba. Ban ga ya duba ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina kan dutse. Jirage suna rige-rigen shiga, na ubanku a gaba. Na ji ƙarar inji ta sauya, kamar an daka turmi a kan dutse, sai ta mutu. Ruwa ya yi ja. Ɗan ne ya ɗago a daidai ƙarƙashin jirgin, farfelar injin ta tsaga masa baya, ita ma farfelar ta karye. Baƙi suka yi ta kururuwa. Uwar ta taso gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba, ta sa kai ta tura ɗan cikin burugu. Ubanku ya tuƙo baƙinsa da filafili har kwatar maza, bai dubi dutsen da nake ba.

Da la'asar na same shi. Ya ce raunin bai yi zurfi ba, ya gani. Ya ce zai sa a ƙera wa farfelar keji, zai yi wa samarin magana su riƙa tafiya a hankali. Na ce masu mashi fa? Ya ce ba za su iya ba ana kallo. Na ce ya bar lungun haka, ko na wata ɗaya, ɗan ya warke. Ya ce lokacin hutu ne, mai masauki ya riga ya karɓi baƙi, kuma injin ba nasa ba ne. Washegari ya hau babur zuwa Ibeto, daga nan ya shiga mota zuwa Kontagora neman farfela. Sauran jiragen ma suka ɗan dakata, domin labarin jinin ya kai masauki, baƙi sun tsorata. Kowa ya san kwana kaɗan ne za a dawo.

Na zauna ina tambayar kaina, me ya hana ta tafiya? Ana firgita ta kullum, an yanka mata ɗa, amma tana nan. Amsar tana gaban idona, kore shar. Muddin burugun nan yana nan, ba za ta tafi ba. Za ta yi ta haƙuri har a kashe ɗan ko a soke ta. Ba ni da ikon hana jirgi, ba ni da ikon hana mashi, maza ba sa jin maganata. Abu ɗaya ne hannuna zai kai gare shi, shi ne kuma abin da Iya Gambo ta ce kada a taɓa.

Na ɗaura zane na nufi rugar Fulanin da ke bayan tungarmu. Ina da ƙawa a can, Adama, wadda ta yi shekaru tana kawo mini nono ina ba ta kifi, muna zagin juna. Shanunsu sun rame a shekarar, domin gonaki sun cinye makiyaya, kuma na san sun daɗe suna haɗiyar miyau a kan burugun nan. Ta kai ni wurin Ardo, wan mijinta. Na gaishe shi, na ce na zo in ba su burugun Kwatar Mata, su yanke shi duka, kada su bar ko kara ɗaya. Ya dube ni kamar na zo da hauka. Ya ce shi tun yana yaro ubansa ya hana su kai shanu wurin.

"Ku da kanku kuka ce 'yar'uwarmu ce. Yanzu mu ci abincin 'yar'uwarmu, a yi mana waƙa a kasuwa?"

Na ce, "Ardo, 'yar'uwarku tana can tsirara, maza sun kewaye ta suna ɗaukar hoto, an tsaga mata ɗa. In 'yarka ce a gidan miji ake mata haka, tuwo za ka aika mata ko ɗauko ta za ka yi?"

Adama ce ta yi masa magana da Fillanci, doguwa, ban ji ko kalma ɗaya ba, sai dai na ga ya cire malafarsa ya mayar. Daga ƙarshe ya ce za su zo, amma da sharaɗi: ba Bafulatanin da zai fara sa lauje. Ni zan fara, a gaban mutanen garina, don kada gobe a ce Fulani sun yi ɓarna.

Da safe suka zo da lauje da igiya da jakuna. Na ɗauki tsohon jirgin kakanku na shiga. Labari ya riga ya zaga, mata sun cika dutse. Talatu tana ihu tana kiran sunana, tana cewa in ji tsoron Allah, in tuna Iya Gambo, hannuna zai shanye. Uwarku tana tsaye a baya da goyo, ba ta zo ta taya ni ba, ban kuma ga laifinta ba. Na tsaya a tsakiyar lungu na jira har ta ɗago. A ranar ce kaɗai na dube ta sosai. Idonta ɗan ƙarami ne, kamar ƙwayar wake, bai dace da girmanta ba. Na ce mata:

"'Yar Fillo, gidan nan ya lalace. Ɗauki ɗanki ki tafi, kada ki waiwayo."

Na kama burugu na sa lauje. Hannuna bai shanye ba. Daga nan Fulani suka shigo, wasu a ruwa har ƙirji, wasu a jirgin aro. Muka fara daga ciki muna yin waje, don hanyar fita ta zauna a buɗe. Ba aikin yini ɗaya ba ne. Sarkin Ruwa ya aiko a hana, na ce wa ɗan aiken Kwatar Mata ce, in an ba maza ita a gaya mini ranar da aka ba su. Bai dawo ba. Tafin hannuna ya fashe, bayana ya ƙi miƙewa, jakuna suna ta ɗauka. Masu mashin nan suka zo suka tsaya suna kallo, amma Fulani da sanduna sun cika wurin, suka juya. Ranar da muka kusa gamawa, ruwa ya buɗe fili kamar an yi wa lungun aski, sai Adama ta taɓa ni. Layi biyu ne a kan ruwa, babba da ƙarami, suna tafiya a hankali zuwa bakin duwatsu. Ardo ya yi gyaran murya. Samarin Fulanin nan da suke tsaye cikin ruwa duk suka juya baya, ba wanda ya ce su yi. Ni ma na sunkuyar da kai. Na ji fuuu sau ɗaya daga waje. Shi ke nan.

Ubanku ya dawo da farfela sabuwa a cikin leda. An riga an gaya masa tun a Ibeto. Bai shigo gida ba sai da ya je ya gani da idonsa. Ya same ni ina shafa man kaɗe a hannu.

"Iya, da sanin wa?"

"Da sanina."

"'Ya'yana fa? Me za su ci?"

Na ce, "Kai namiji ne da hannu biyu da ƙafa biyu, duk inda ka je za ka ci. Ita ba ta da inda za ta kai ƙara."

Ya ajiye ledar a bakin ƙofa, ya ce Allah ya ba ni lada, ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya biyo baya kun san wasu. Jirage suka yi ta zagaye ba su ga komai ba, baƙi suka daina zuwa, mai masauki ya aiko aka kwance injinsa. Samarin da suka shiga sana'ar suka daina gaishe ni. Kaskon uwarku ya koma ɗaki. Mata suka daina karɓar abincina, ana ce mini wadda ta ci abincin 'Yar Fillo. Talatu, da muka yi zaman shekaru ɗaki na kallon ɗaki, ta mutu ba mu shirya ba, wannan yana ci mini rai har yau. Ubanku ya kasa zama a garin da ake nuna shi ana cewa ga wanda uwarsa ta yi wa haka. Kafin damina ya sayar da tarunsa ya kwashe ku zuwa Kontagora. Ya yi dako a kasuwa, mutumin da ya fi kowa iya karanta iska a kan ruwa, yana ɗaukar buhun masara a ka. Daga baya ya samu rumfa yana sayar da busasshen kifin da wasu suka kama. Yakan aiko mini da hatsi, bai taɓa fasawa ba, amma ba ya zuwa. Kai Auwalu, namijin farko a cikinku, an yi sunanka ban sani ba sai da aka kawo mini goro.

Burugu ya sake fitowa da ruwa ya cika, ya fi na da kyau ma. Ayu ba ta dawo ba. Na yi ta kai wankina ina kasa kunne. Daga baya maza suka fara ɗaure jirage a Kwatar Mata, aka daina ma kiranta da sunan. Na san ni na kawo wannan. Lungun da na fi so a duniya ni na kashe shi, kuma ban san ko ɗan ya rayu da raunin nan ba. Sai wata shekara Adama ta zo ta ce in shirya. Mutanensu suna kai shanu wani wuri mai nisa, inda ruwa ba shi da zurfin da inji zai shiga. Ta ce akwai abin da take so in gani. Muka je. Ban ga ayu ba, ban kuma tsaya jiran in gani ba. Na ga kararen burugu da aka tauna suna yawo a kan ruwa, wasu cizon babban baki, wasu na ƙarami. Na wanke fuskata a wurin, muka juyo.

Da gwiwoyina suka gaza, uwarku ce ta zo da kanta ta ɗauko ni. Ku riƙe mata wannan. Na zauna a gidan nan, ubanku yana gaishe ni safe da yamma kamar yadda addini ya ce, ba ƙari. Ba mu taɓa ta da maganar ba. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yafe mini ba, domin ban ga abin yafewa ba, in aka mayar da ni ranar zan sake ɗaukar laujen. Sai bara, bayan ciwon da na yi, ya shigo da rana ya zauna a bakin ƙofata yana gyara mini rediyo. Kansa a sunkuye, kamar da rediyon yake magana, ya ce:

"Iya, ɗan nan da na buge. Ya rayu?"

Na ce, "Ya rayu. Na ga inda suke ci."

Hannunsa ya tsaya. Na zuba masa ido ina jira, domin har yanzu yana da abokai masu jirgi, kuma har yanzu akwai masu biya don a kai su. Sai ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da murfin rediyon, ya tambaye ni ko in ci tuwo ko a dama mini kunu. Bai tambaye ni wurin ba.

Ku ma kada ku tambaya. Mai rubutun nan ta tambaya, na ce ta ajiye alƙalami. Adama ta rasu, Ardo ya rasu, saura ni, kuma da sirrin wurin za a binne ni.